Ramukan Falmata

Ina ɗan shekara goma, a gidanmu na Dogo Tebo, ƙanwata Falmata ta yayyafa wa ƙasa ruwa bayan la'asar, ta haƙa ramuka tara, ta jera ƙwallayen dabino a ciki. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan.

Ta ce, "Yaya, zo in koya maka. Ni na ƙirƙiro wasan."

Na ce wannan ai ba dara ba ce, shirme ne. Na sa ƙafa na share ramukan ina dariya.

Kakarmu tana gefe tana tsintar wake. Ba ta dake ni ba. Cewa kawai ta yi, "Darar da kake taƙama da ita, ai ita ma wani ne ya fara haƙa raminta."

Falmata ba ta sake haƙawa ba. Har ta rasu ban nemi yafiyarta ba.

Jiya jikata ta nuna min wasan da ta haɗa a waya. Ba ta karanci kwamfuta ba. Wata manhaja ce, ka jawo hoto ka ajiye, ka zaɓa masa abin da zai yi. Akuya ce ke kauce wa keke napep a hanyar kasuwa. Ta ce tana tsoron ɗora shi a intanet, kada a yi mata dariya.

Na gyara tabarau na ce, "Amarya, koya min."

Sau shida keke yana buge akuyata, jikar tana min tsiya: "Tsoho, da babban yatsa ake yi." Na ce a sake.

Kafin magariba ta ɗora shi.