Furar Salifu Mai Ɗaci

"Ɗebi, ɗana, ɗebi har ka gaji," in ji tsoho Salifu, ya miƙa wa likitan Tasawa hannu.

Cuta ce da ba a cika gani ba: garkuwar jikinsa ta juya masa baya, tana sandarar da kayan cikinsa. Likita ya ce jini zai nuna inda ta kai. In ta taɓa ƙoda, sai Yamai, ga gero ya isa yanka.

Salifu da ya ga fari ya ga yunwa bai mutu ba, wai shi za a tsorata da kwalbar ɗibar jini! Ƙwayoyin da likita ya ba shi tun zuwan farko ko ɗaya bai sha ba. Wanzami ya kira a ƙauyensu Korgom, aka kafa masa ƙaho aka zuƙe mugun jinin, ya zo wa likita da mai kyau. Abin da ya dame shi kawai furarsa da ta koma ɗaci, kullum yana zagin mai nono.

Da sakamako ya fito, likita ya yi murmushi. "Baba, cutar ta ja baya. Ba zuwa Yamai."

"Aikin ƙaho ke nan! Asiya, mayar masa da tsiyarsa."

Matarsa ta kwance bakin zane, ta ajiye kwalin magani. Wayam, babu ko ƙwaya.

"Likita, ƙaro mana," ta ce. "Amma in da marar ɗaci, a taimaka. Mai nono ta sha zagi."