Baƙon Kujerar Baya

Tunda an ƙara maka girma a wurin aiki har ka fara cewa ba ka da lokacin kanka, zauna ka ji misalin wani injiniya, Zubairu, mai kafa wa wani kamfanin waya ƙarafan sabis. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da lalaci ba. Yau yana Yola, gobe Sakkwato, jibi ka ji shi a Fatakwal yana cigiyar inda ake sayar da tuwo. An ce akwatinsa ya haddace hanyar filin jirgi, in aka bar ƙofa a buɗe shi kaɗai yake gangarawa mota. Ya yi ta ƙasaru har ya fara mamakin limamin unguwarsu, wai me ya sa yake jan azahar haka. Cikinsa kuwa, tsakanin shayin tasha da yajin otal, ya daɗe da kai ƙara wurin likita. Likita ya ce a huta, shi kuma ya ce sai an gama wannan kwangilar. Kwangila kuwa kaza ce, kafin ka gama da ita ta ƙyanƙyashe.

Amma kada ka ɗauka marowaci ne. Ƙauyensu can bayan Gumel, inda mahaifiyarsa da ƙaninsa Sa'adu suke, shi ya sa aka kafa musu ƙarfen sabis a bakin kasuwa, ya ce to yanzu nesa ta zo kusa. Duk wata sai ya cika mota da shinkafa da mai da sabulu, ya tura direbansa Shu'aibu ya kai. Gaisuwar rasuwa, Shu'aibu. Dubiya, Shu'aibu. Ɗaurin aure, jaje, barka da arziki, duk Shu'aibu. Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure wa injiniya kai. Tafiyar da za a je a dawo a yini, sai direba ya kwana. Ya tafi da mota cike, ya dawo da ita cike, ga zabi, ga man shanu, ga fura a ƙwarya, ga kumatu suna ta fito masa alhali mai motar sai zubewa yake. Ya duba mai, ba a sha ba. Ya duba taya, lafiya lau. Da ya gaji ya tambaye shi, sai Shu'aibu ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, Inna ce ba ta barin mutum ya tashi." Injiniya ya yi ta jujjuya maganar nan: yaushe Innarsa ta zama Innar direba? Kafin ya kai ƙarshen tunanin waya ta yi ƙara, wai iska ta kayar da wani ƙarfe a Jalingo.

Ana nan sai matar Sa'adu ta haifi ɗan fari, namiji. A gidansu kuwa tun kaka da kakanni, sunan babban wan uba ake sa wa irin wannan yaro. Zubairu 'ya'ya mata Allah ya ba shi, ya daɗe yana jiran wannan takwara, har ya gama zaɓa masa makaranta a ransa. Wannan karon bai aika kowa ba. Ya ɗage taro, ya sayi ragon da sai a karkace ƙahonsa ya shiga mota, ya hakimce a kujerar baya, suka isa da sassafe ranar suna.

Yara suka sheƙo a guje, suka wuce ƙofarsa kamar ba kowa a ciki, suka yanyame ta direba suna "Baffa ya zo! Baffa ya zo!" Gwaggon Zubairu, wadda ta goya shi yana ƙarami, ta leƙo ta ƙura masa ido ta ce, "Shu'aibu, yau da baƙo ka zo mana? Maza a shimfiɗa masa sabuwar tabarma." Haka aka zaunar da injiniya a zauren ubansa, aka kawo masa ruwa a kofin da ba a fito da shi sai don baƙi. Shu'aibu kuwa tuni ya naɗe hannun riga ya shiga rabon goro da dabino, ba wanda ya nuna masa inda ake ajiye buta. Liman ya yi addu'a aka shafa. Zubairu ya ɗaga hannu zai saɓa babbar riga ya fara amsa barka, sai maroƙi ya ɗaga murya: "An samu Shu'aibu! Allah ya raya Shu'aibu!" Hannun ya tsaya a iska. Direba ma, bawan Allah, sai ga shi ya laɓe bayan rago.

Injiniya ya shiga wurin mahaifiyarsa ya durƙusa, ya ce shi ba ƙorafi ya kawo ba, so yake kawai ya gane. Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, saƙonka bai taɓa yankewa ba, Allah ya yi albarka. Amma da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, buhun shinkafa bai ce min sannu ba. Babban wa aka ce a sa wa yaro sunansa, muka duba wanda muke gani."

Aka yanka ragon Zubairu da sunan Shu'aibu, aka zaɓo wa baƙo tsoka mai kyau. Da za su tafi, Gwaggo ta rako shi har mota da ƙullin daddawa, ta ce in Shu'aibu zai sake zuwa ya riƙa biyo shi, su gidan nan ba sa ƙin baƙo.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zumunta a ƙafa take.