Ƙarar Iya Radka

"Kai ne kuma, Tsvetan?" Sajan Yordan ya fito daga mota yana murza ido. "Maƙwabciyarka Iya Radka ta sake kawo ƙara. Wai jirginka mara matuƙi ya bi ta saman tsakar gidanta."

"Gonar inabina nake dubawa, Yallaɓai."

"Gonarka na gabas, gidanta na yamma. Doka ta hana shawagi a kan mutum ba da yardarsa ba. Ni fa na gaji. Ka ƙara, in ƙwace jirgin har da lasisin."

Da jirgin nan nake ci.

Ya shiga gidanta ɗaukar bayani. Ƙamshin gurasar cukun da take gasawa tun safe ya cika layin. Bai fito ba sai da rana ta karkata, baki duk maiƙo.

Motarsa na ɓacewa, tsohuwar ta leƙo ta kan shinge.

"Ran Talata ka sake tada jirgin."

"Haba Iya, ƙwacewa fa zai yi!"

"Taimaka min, ɗan nan. Ni na haifi Yordan, amma in ba ƙara na kai ba, ba ya tako gidan nan."