Kwandon Maharbi

Sandar wani mahauci ce ta fara sauka a ƙeyar maharbin, a ƙofar ɗakin taron masu kare tsuntsaye.

"Kai da ka ƙarar mana da ungulu? Uban wa ya gayyace ka?" in ji mahaucin.

Maharbin ya kife, baki duk jini, yana rungume da kwando. Mahaucin ya fizge kwandon, ya tattake shi har ya ji ƙas, ransa ya yi sanyi.

Shugabar taron ta fito a guje. "Ni na roƙe shi ya shigo cikinmu! Ya ce zai zo da shaidar tubansa."

Mahaucin ya ɗaga ƙafa. Ɗan ungulu ne, da guntun nama a bakinsa, jikinsa da sauran ɗumi.