Hukuncin Mai Shari'a

Littafin da Tsohuwar Aji ta bayar bara ya dawo mata da zoben kofin shayi a bangonsa. Mai Shari'a ko shafi uku ba ta kai ba, ta mayar da shi murfin kofi. Dalilin da ya sa ke nan 'yan ajinsu suka gama jami'a suka tafi, ita kuwa ta dawo bana tana maimaita darasin zaɓen littattafan yara tare da ƙannen bayanta, har suka laƙaba mata suna Tsohuwar Aji. Idan ta sake faɗuwa, dokar makaranta ta ce sai gida, ba takarda.

Malamin darasin, wanda ɗalibai ke kira Sake-Dubawa saboda abin da yake rubutawa ke nan a ƙasan kowane aiki, yana da tsari irin nasa. Zai shafe zangon karatu yana koyar da yadda ake auna girman baƙi, da tsawon jimla, da ko hoto yana taimakon labari ko yana tare masa hanya. A ƙarshe kowa ya kawo littafi guda, shi kuma ya zuba su a kwali ya kai gida. Rabin maki yana hannunsa, rabi yana hannun wata mai karanta su a gidansa, wadda ake kira Mai Shari'a.

Ba wanda ya taɓa ganinta, amma Malam ba ya rowar bayani a kanta. Bara waccan ta fara haɗa baƙi. Da yatsa take bin layi, kuma ƙananan rubutu ba su sha mata kai ba. Haƙoranta na gaba babu. In ta ci abincin rana sai barci, don haka littafi yana da ɗan lokaci kaɗan ya kama ta ko ya rasa ta. Abin da ta fi tsana shi ne a yi mata wa'azi.

"In ta ce a'a, ni ban isa in yi musu ba," in ji Malam.

Ajin kan kwashe da dariya. Mutum da furfurarsa da digirorinsa, 'yar auta tana juya shi kamar sitiyari. Duk da haka, ranar zaɓe kowa ya manta gargaɗin. Aka yi ta kwaso littattafai masu ƙyalli, na wanke hannu, na gaishe da manya, na yaron da ya ƙi jin maganar uwarsa ya faɗa rijiya.

Tsohuwar Aji ta yini a ɗakin karatu. Ta auna baƙi, ta ƙirga kalmomi, ta ajiye wannan ta ɗauki wancan. Can ƙasan kantar littattafai ta zaro wani siririn littafi da bangonsa ya sha salatif. Labarin wata akuya ce da ta cinye wandon maigida a kan igiyar shanya, aka yi ta binta gida gida, a ƙarshe ta tsira, ba duka ba tuba. Ba ta ankara ba sai da mai kula da ɗakin ya buga tebur, ashe dariya take yi da ƙarfi.

'Yan aji suka ce ta haukace. Wace tarbiyya ce a cikin akuyar da ba ta yi nadama ba? Ita dai ta rufe ido ta jefa shi cikin kwalin.

Ranar sakamako Malam ya shigo da kwalin, ya fara rabo. Wani ya dawo da lanƙwasa a shafi na biyu. Wani ko buɗe shi ba a yi ba. Na yaron rijiya ya dawo da saƙon baka, wai a tambayi marubucin me yaron ya yi masa. Kwali ya ƙare, hannun Tsohuwar Aji wayam.

Sai da kowa ya fita ta je wurin Malam. Ta tambaya ko nata ya ɓata ne. Malam ya ce bai ɓata ba, an dai hana shi. Mai Shari'a ta riƙe, kuma ta ce a kawo mata wadda ta zaɓo shi gobe da la'asar, bayan ta tashi daga barci. Ko yabo ne ko faɗa, shi ma ba a gaya masa ba.

Washegari ta biya kasuwa ta sayi 'yar tsana mai jan ribon da ledar alawa, don mai neman tsira ba ya zuwa hannu rabbana. Matar Malam ce ta buɗe ƙofa. Ta dubi 'yar tsanar, ta dubi mijinta, ta toshe baki da mayafi ta shige kicin kafaɗunta na girgiza.

Falon tsaf yake, ba abin wasa ko ɗaya a ƙasa, ba zanen fensir a bango. Tsohuwar Aji ta ce a ranta, lallai wannan yarinya ta wuce sa'anninta.

A bakin wani ɗaki Malam ya tsaya ya cire takalmi. Fuskarsa ta yi laushi irin wanda aji bai taɓa gani ba.

"Yanzu ta gaya mini, kin ci," ya ce a hankali. "Shi ne littafi na farko da ta kai ƙarshensa ita kaɗai, ba wanda ya taya ta."

Hawaye suka cika idon Tsohuwar Aji, ta gyara ribon ɗin 'yar tsana. Malam ya ɗaga labule, ya durƙusa a gaban tsohuwar da ta haife shi, ya ce, "Inna, ga wadda ta zaɓo miki akuyar."