Koren Malam-buɗe-littafi

Naushi ɗaya ɗan rakiyar ya yi wa malamin kimiyya, sai ga shi ƙasa warwas, leɓe a fashe.

Kwanan malamin uku a baƙuwar ƙasar nan yana farautar ƙwari. Yanzu ya hango koren malam-buɗe-littafi kwance cikin ciyawa, wanda babu irinsa a littafinsa. Hannu kawai ya miƙa.

"Don ubanka, me na yi maka?" in ji malamin, yana tofar da jini.

Ɗan rakiyar ya finciko shi bayan wata katanga, ya wurga wa malam-buɗe-littafin dutse. Ƙasa ta yi tsawa, tsakuwa ta yi musu ruwa.

"Ba ƙwaro ba ne, malam, nakiya ce, ragowar yaƙi." Ya zaro dungulmin hannunsa na hagu daga aljihu. "Na riga ka kama irinsa, ina ɗan shekara bakwai."