Jan Lalle a Ƙafar Ɗan Tsuntsu

Tun da teku ta cinye garuruwan gaɓa aka tsugunar da mu a tsibiri, bisa doka ɗaya: kowane gida da ramin tsuntsun teku da zai tsare. Ƙwai ɗaya tsuntsuwar ke yi a shekara. In ɗan ya salwanta, jirgin ruwa na yamma ya mayar da mutanen gidan sansanin 'yan gudun hijira.

Ranar duba na zura hannu a ramina har kafaɗa, na ji wayam. Ba gashi, ba sawun ɓera.

Malamin duba ya girgiza kai, ya wuce ramin yayata Delu, wanda ya kwana uku yana wari. Sai ga shi ya zaro ɗan tsuntsu ɓul-ɓul, ƙafarsa ta hagu ja wur.

Da hannuna na sa masa lallen nan, tun yana ramina.

"Yaya Delu," na ce ƙasa-ƙasa, "yaushe kika fara yi wa tsuntsu ƙunshi?"

Ba ta dube ni ba. "Rufa min asiri, Kuluwa. 'Ya'yana huɗu, ke kuwa ke kaɗai ce."

"Da kin roƙa, ai da na ba ki."

Malamin ya waiwayo. "Akwai magana ne?"

"Babu," na ce.

Ita ta ɗaukar min ƙullin kayana har bakin jirgi.